LAYI: Baƙuwar Kalmar Da Ta Zama 'Yar Gida A Bakin Bahaushe

Duk baƙon da ya sauka a garin Gombe yana neman gidan wani a unguwar Barunde, da wuya ya isa ƙofar gidan bai ji kalmar "layi" sau uku ko huɗu ba, kuma kowane karo da abin da take nufi. Mai gidan zai ce masa a waya, "Malam, ɗaga murya, layin ba shi da kyau." In ya ɗaga, sai a ce masa ya sauka a bakin layi, ya wuce layin masallaci, ya shiga layi na biyu a hannun dama. Mai babur ɗin da ya ɗauko shi kuwa, in an yi masa ƙorafin tsada, zai ce ai tun safe yake layin mai. Ba wanda zai tsaya ya tambayi ɗan'uwansa wane layi yake nufi, domin kowace magana tana ɗauke da fitilarta.

Wannan kalma dai ta Turanci ce, watau "line", kuma ko a gidan ubanta tana cikin kalmomin da suka fi yawan ma'ana. Masu karatu za su so su san yadda ta tara waɗannan ma'anoni, da waɗanda Hausa ta karɓa, da waɗanda ta ce a kai kasuwa, da kuma waɗanda ta ƙirƙira da kanta har Bature ba zai gane su ba. Sanin wannan ba hira ce ta masu ƙamus kaɗai ba. Ɗan makarantar da ke shirin jarrabawa da mai fassara labarai a gidan rediyo duk suna tuntuɓe a kan wannan dutse.

ASALINTA ZARE NE

Ɗabi'ar Turanci ce ya ɗora wa ƙaramar kalma kayan da ya fi ƙarfin raƙumi. Babban ƙamus na Okusfod, a bugunsa na biyu na shekarar 1989, ya jera wa kalmar "set" ma'anoni 430, sa'an nan da aka sake bitar kalmar "run" aka ƙirga mata 645. Kalmar da muke magana a kanta ba ta kai waɗannan ba, amma ta fi su sauƙin bin sawu, saboda ma'anoninta duk a jikin igiya ɗaya suke.

Tushenta yana cikin harshen Latin na Rumawa, inda ake kiran zaren da aka kaɗa daga wata shuka mai kama da rama da suna "linea". Daga sunan wannan shuka ne kuma aka sami sunan yadin nan da muke kira lilin. Ashe ke nan layi da lilin 'yan ɗaki ɗaya ne, sai dai kowa da ƙofar da ya shigo ƙasar Hausa.

To, daga zare sai kalmar ta koma kan kowace siririyar igiya, ta shanya ce ko ta masunta. Wanda ya taɓa tsayawa inda ake aza harsashin gini ya ga mataki na gaba da idonsa: magini yakan kafa turaku biyu ya ɗaure zare a tsakaninsu, duk bulon da zai aza sai ya bi wannan zare. Haka Turawa suka riƙa kiran miƙaƙƙen zane da sunan zaren da aka auna shi da shi. Daga zane sai jerin abubuwa, kamar jerin kalmomi a takarda ko jerin sojoji a fagen daga. Daga nan sai iyakar ƙasa, sai jerin kakanni da jikoki, sai hanyar da jirgi ke bi kullum, sai ma kamfanin da ya mallaki jiragen, sai sana'ar da mutum ya riƙe. Da aka zo zamanin tangaraho da tarho, wayar da aka miƙa bisa turaku ita ma ta gaji sunan. Kowace ma'ana daga cikin maƙwabciyarta ta fito, kamar yadda kabewa ke yaɗo.

TA SHIGO DA DOGO DA BARIKI

Kalmar ta iso mana ne tare da kayan mulkin Turawa. Jirgin ƙasa ya shiga Kano a shekarar 1911, mutane suka ga ƙarfe biyu a miƙe sun ratsa daji ba su kauce wa gona ba, ba su kauce wa tudu ba, aka ce wannan shi ne layin dogo. Gombe ta jira nata rabon fiye da shekara hamsin. A 1958 aka fara shimfiɗa reshen Barno daga Kuru kusa da Jos, da taimakon rancen dala miliyan 28 daga Bankin Duniya, ya iso Gombe a 1963, ya kai Maiduguri a 1964. Audugar ƙasar Gombe da gyaɗarta ta wannan layi suka riƙa gangarawa bakin teku. Yau jirgi ya daɗe da daina zirga-zirga a kansa, amma kalmar da dogo ya taimaka wajen yaɗawa tana nan a bakin kowa.

Ƙofa ta biyu ita ce bariki. A Turancin soja, jerin ɗakunan da ake gina wa ƙananan sojoji da 'yan sanda da wannan kalma ake kiransa, Hausa kuwa ita ce harshen da aka daɗe ana magana da shi a rundunar sojan mulkin mallaka a Nijeriya. Saboda haka ba abin mamaki ba ne kalmar ta fita daga bariki ta bi tsofaffin sojoji zuwa gari.

Ƙofa ta uku ita ce sababbin unguwannin da hukuma ta yanka da awo, irin su Sabon Garin Kano da aka kafa wajen 1913. Tsohon birni da lungu aka san shi, mai lanƙwasa yana bin katangar wannan yana kauce wa rijiyar wancan. Sabuwar unguwa kuwa gidajenta a jere suke, hanyoyinta a miƙe. Turanci yana da wata kalma dabam ta siririyar hanya, watau "lane", wadda a kunnen Bahaushe ta yi kusa ƙwarai da 'yar'uwarta, don haka layi ɗaya ya ishe mu duka biyun. Garuruwa da yawa na Arewa suna da wurin da ake kira Sabon Layi, har da Gombe, ko da yake sabuntar tasa ta daɗe da wucewa.

LAYI A MATSAYIN ADIRESHI

Gombe gari ne da ya dace da wannan bayani, domin shi kansa ba tsohon birni ba ne. A 1919 ne aka dawo da hedkwatar masarautar nan daga Nafaɗa, bayan tun farko an baro Gombe Abba ta Buba Yero. Amma babban buɗin garin ya zo ne bayan ran 1 ga watan Oktoba 1996, sa'ad da gwamnatin Janar Sani Abacha ta cire Jihar Gombe daga Jihar Bauci. Ma'aikata suka dawo gida, 'yan kasuwa suka biyo su, daga baya kuma rikicin Boko Haram ya koro dubban mutane daga Barno da Yobe. Tsofaffin unguwanni irin su Jekadafari da Bolari da Herwagana da Kumbiya-Kumbiya suka cika suka batse, gari ya tasam ma gonakin gefensa. Barunde tana cikin unguwannin da suka bunƙasa ta wannan hanya.

A irin waɗannan unguwanni gini yakan riga hukuma isa. Kafin a kafa allon sunan titi ko a manna lambar gida, jama'a sun riga sun raɗa wa kowace hanya suna da abin da ido ke gani: layin masallaci, layin makaranta, layin injin niƙa, layin taransifoma, ko kuwa sunan mutumin da ya fara gini a wurin. Da haka ake kwatanta wa mai keke Napep, da haka ake kai amarya, da haka ake sanar da jana'iza.

A nan Hausa ta ƙara wa kalmar abin da Turanci bai sani ba. Layi ya tashi daga hanya ya koma jama'ar da ke zaune a kanta. Mutum yakan ce wane ɗan layinmu ne, watau yana da haƙƙin maƙwabtaka a kansa. 'Yan layi su ne ke haɗa kuɗi in taransifoma ta ƙone, su ke biyan 'yan sintiri, su ke fitowa yasar kwata kafin damina, kuma a tsakiyar layi ake shimfiɗa tabarmin zaman makoki. Abin da zaure da unguwa suke yi a tsohon birni, shi layi ke yi a sabon gari.

Sai dai kuma akwai masu cin layi, watau wanda zai turo katangarsa ko shagonsa taku biyu cikin hanya, maƙwabcinsa ya gani ya ce shi ma ba a bar shi a baya ba. Kafin a farga hanyar da aka yanka don mota biyu ta koma ta babur ɗaya, ranar gobara ko naƙuda a rasa ta inda mota za ta shiga. A gari mai rairayi da kwazazzabai irin Gombe abin ya fi haka muni, domin in an toshe wa ruwan sama hanyarsa, da kansa yake yanka wata ta cikin ɗakunan mutane.

BIN LAYI

Ma'anar da talaka ya fi sani a jikinsa ita ce ta jerin mutane masu jiran abu. A nan ma akwai abin lura: Turawan Ingila, waɗanda suka mulke mu, wata kalma dabam suka fi amfani da ita ga wannan jeri, Amurkawa ne suka fi kiransa da kalmar da ta zama layi. Mu dai ba mu nemi izinin kowa ba, muka ce bin layi, shiga layi, tsallake layi, layi ya zo kaina.

Wannan layi har ya taɓa zama manufar gwamnati. A watan Maris na 1984 gwamnatin soja ta Manjo Janar Muhammadu Buhari da Tunde Idiagbon ta ƙaddamar da Yaƙi da Rashin Ɗa'a, kuma matakinsa na farko shi ne tilasta wa jama'a bin layi a tashar mota da gidan waya da asibiti da wuraren sayar da kayan masarufi, soja na tsaye da bulala. Bayan 'yan shekaru kuma layi ya shiga siyasa. A zaɓen ƙananan hukumomi na Disamba 1990 da na gwamnoni na 1991, a ƙarƙashin hukumar zaɓe ta Farfesa Humphrey Nwosu, masu zaɓe sun jeru ne a bayan hoton wanda suke so aka ƙirga su a bainar jama'a. Hausawa suka ga wannan layi ya fi ƙarfin sunan layi, suka raɗa masa ƙato bayan ƙato.

Na baya-bayan nan da ba a manta ba shi ne na farkon 2023, bayan Babban Bankin Nijeriya ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, inda magidanta suka riƙa yin asubanci a ƙofar banki don karɓar abin da bai kai kuɗin cefane ba daga cikin dukiyarsu ta halak.

A tashar mota ma akwai wani layin. In ɗan kamasho ya ce "Alhaji, wannan ce a kan layi," yana nufin motar da lodi ya zo kanta. Amma sunan Gombe Line da ke jikin motocin gwamnatin jiha, da takwaransa Kano Line, daga wata ma'anar ya fito, watau ta kamfanin sufuri, irin ta kamfanin jiragen ruwa na Elder Dempster da ya riƙa kwasar amfanin gonarmu zuwa Ingila. Wannan ma'ana Hausa ba ta narkar da ita ba, ta bar ta a matsayin suna kawai.

LAYIN DA BA SHI DA IGIYA

Kafin shekarar 2001, layin tarho waya ce ta gaske da ma'aikatan NITEL ke jawowa daga turke zuwa gida, kuma duk faɗin Nijeriya layukan da ke aiki ba su kai rabin miliyan ba. A watan Agustan 2001 kamfanonin Econet da MTN suka fara aikin wayar salula, layi ɗaya ana sayar da shi wajen naira dubu ashirin. Yau layukan da ke aiki sun haura miliyan 150. Igiyar ta ɓace, amma sunanta ya koma kan ɗan ƙanƙanin katin da ake sa wa waya, da lambar kanta, da ma ingancin muryar da ake ji. Shi ya sa ake cewa na sayi layi, ba ni layinka, layi ya katse, yana kan wani layin.

Wannan layi ya zama shaidar mutum. Da shi banki ke sanar da shigar kuɗi, da shi ɗalibi ke rajistar jarrabawa. A watan Disamba 2020, lokacin da Dokta Isa Ali Pantami, ɗan asalin garin Gombe, yake ministan sadarwa, gwamnati ta ba da umarnin a haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa, aka yi ta ɗaga wa'adin har zuwa watan Satumba 2024. A tsawon waɗannan shekaru mutane sun sha bin layi a ofisoshin rajista don kada a rufe musu layi, kuma ba wanda ya ga wani abin ruɗani a cikin wannan jimla.

Layin da har yanzu yake da igiyarsa shi ne na wutar lantarki. Mutanen Gombe sun san muhimmancinsa a watan Afrilun 2024, da ɓarayi suka lalata wasu turakun babban layin da ya taso daga Jos, jihohin arewa maso gabas suka yi makonni cikin duhu.

INDA HAUSA TA RUFE ƘOFA

Abin da ya fi ban sha'awa shi ne wuraren da kalmar ta ƙwanƙwasa aka ƙi buɗe mata. Bature da wannan kalma ɗaya zai kira jerin masallata, amma har gobe liman sahu yake cewa a daidaita. Jerin kakanni a wurinmu zuriya ce ko salsala ko tsatso. Abin da ya raba gonar wane da ta wane iyaka ce. Manomi kunya yake yi a gonarsa, mai waƙa ɗango yake ƙirgawa a cikin baiti, uwar gida a kan igiya take shanya, malamin zaure kuma sheɗara yake nuna wa almajiri a allo.

In mai karatu ya jera waɗannan gefe guda, ya jera dogo da bariki da banki da tarho da lantarki a ɗaya gefen, zai ga inda aka raba gado. Abubuwan da suka zo da hukuma da na'ura su ne suka karɓi layi. Abubuwan addini da gona da dangantaka, waɗanda muke da su tun kafin zuwan Turawa, sun riƙe sunayensu. Harshe ba ya ara sai inda yake da giɓi. Sahu da layi kansu ba abu ɗaya ba ne a zuciyar Bahaushe: a sahu kafaɗa da kafaɗa ake tsayawa, attajiri kusa da lebura, a tayar tare a sallame tare, a layi kuwa wani na gaban wani, kuma mai hanya yakan zagaya ta ƙofar baya.

WAƊANDA AKA HAIFA A NAN

Bayan ta zauna, kalmar ta hayayyafa. Malamin Hausa a makaranta in ya ce sakin layi, yana nufin gungun jimlolin da ake farawa da ɗan matsawa ciki. Amma in dattijo ya ce yaron nan ya fara sakin layi, to maganarsa ko halinsa ne ya kauce hanya, sai an dawo da shi kan layi. Wanda ya canza layi, ko lambar waya ya sauya ko sana'a. Wanda aka ja wa layi an yi masa iyaka ke nan. A kasuwa akwai layin 'yan atamfa da layin 'yan gwanjo, a gari kuma akwai bayan layi, inda ba kowane mai mutunci ke son a gan shi ba.

Sa'an nan akwai wani layin da ba shi da dangantaka da Turanci ko kaɗan, watau tangaɗin mai maye ko mai jiri, kamar a ce yana tafe yana layi. Abin dariya shi ne wannan layi kishiyar wancan ne, domin mai yin sa ba ya iya tafiya a miƙe. Haka kuma jam'in layi shi ne layuka. Layu kuwa jam'in laya ne, kada a haɗa su.

TARKON ƊALIBI DA MAI FASSARA

Haɗarin yana nan ne: wanda ya san layi yakan ɗauka ya san kalmar Turancin, alhali sun daɗe da raba gari. A jarrabawar Turanci ta WAEC akan ciro kalmomi daga cikin labari a ce ɗalibi ya kawo wasu da za su maye gurbinsu daidai da yadda aka yi amfani da su a wurin. Ɗalibin da ya haddace kalma ɗaya ma'ana ɗaya, a nan yake zubar da maki, ko da kuwa ya san kalmar tun yana aji uku na firamare.

Masu fassara ma ba su tsira ba. Kalmar "deadline" ta yi suna ne a lokacin yaƙin basasar Amurka, a sansanin fursunoni na Andersonville a 1864, inda aka yi wata iyaka da duk fursunan da ya ƙetare ta sai a harbe shi. Yau ma'anarta wa'adi kawai, kuma wanda ya fassara ta da layin mutuwa ya tayar wa masu sauraro hankali a banza. "Headline" kanun labari ne, "front line" bakin daga. In Bankin Duniya ya ambaci "poverty line", wanda ya mayar dala 3 a rana a watan Yunin 2025, ma'aunin talauci yake nufi. Mai fassarar da ya ce layin talauci ya sa tsohuwa a ƙauye ta zaci wani wuri ne ake jeruwa ana rabon tallafi. Haka nan jan layin da ya fara yawa a labaran duniya: mai sauraro zai fi saurin fahimta in an ce masa wane ya ƙetare iyaka, ko ya wuce gona da iri.

Maganin abin ɗaya ne ga ɗalibi da ɗan jarida. Kada a tambayi kalma ma'anarta ita kaɗai, a dubi waɗanda take zaune a tsakaninsu, kamar yadda ake sanin halin mutum ta wurin abokan zamansa. In an buɗe ƙamus kada a tsaya a ma'anar farko, a gangara har a iske wadda ta dace da jimlar. In kuma Hausa tana da tata kalmar, a ba ta haƙƙinta kafin a nemi aro. Malaman makarantunmu za su taimaka ƙwarai in suka riƙa ɗaukar kalma ɗaya irin wannan suna sa yara su tattaro ma'anoninta a harsunan biyu, daga bakin iyayensu da kasuwa da tasha, domin yaron da ya gane cewa harshensa ma yana ba kalma ɗaya fuska goma ba zai firgita ba in ya iske haka a harshen wani. Allah ya sa mu dace.